Zaɓaɓɓun shugabanni biyu, iyaka a rufe

Daga shekarar 2011 zuwa Yulin 2023, Nijar da Najeriya duka suna ƙarƙashin zaɓaɓɓun shugabanni, kuma masu sharhi da yawa sun ɗauka cewa wannan kaɗai ya isa ya sa hulɗar ƙasashen biyu ta tafi ba tangarɗa. Ra'ayina shi ne zaɓe bai taɓa zama garkuwa ga talakan bakin iyaka ba, domin yawancin abin da ke tsakanin Yamai da Abuja ya dogara ne kan jituwar shugabannin biyu, hukumomi da majalisu kuwa suna gefe.

Tsarin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda ya yi aiki har zuwa 2023, ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa mai wa'adin shekara biyar da faraminista wanda majalisar dokoki za ta iya tsigewa, kamar yadda ta taɓa tsige gwamnatin Hama Amadou a 2007 a ƙarƙashin kundin 1999. Mu mutanen Damagaram mun san haɗarin wannan rabo fiye da kowa, saboda ɗanmu Mahamane Ousmane ne ya sha zaman doya da manja da faraministan ƴan adawa a 1995, har sojoji suka karɓe mulki a Janairun 1996. Najeriya kuwa tarayya ce mai jihohi 36, ba ta da faraminista, kuma wanda zai zama shugaba sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin.

Bambancin da ya fi shafarmu yana wurin gwamnoni. Gwamnan Jigawa ko na Katsina jama'a ne ke zaɓensa, yana da kasafin kuɗinsa da majalisarsa, alhali gwamnan jihar Damagaram daga Yamai ake naɗo shi, daga can kuma ake sauke shi. Idan suka zauna taro, ɗaya yana iya yin alkawarin gyara kasuwa ko hanya nan take, ɗayan kuwa sai ya nemi izini. Amma ko gwamnan Najeriya, duk da ƙarfinsa, ba shi da ta cewa a kan iyaka, don kwastan da shige da fice na gwamnatin tarayya ne.

Mun ga ma'anar hakan ido da ido. A farkon 2019 gwamnonin Damagaram da Maraɗi sun halarci gangamin yaƙin neman zaɓen Muhammadu Buhari a Kano, aka yi ta cewa zumunci ya kai inda ya kai. A watan Agustan wannan shekarar gwamnatin Buhari, mutumin Daura da ke maƙwabtaka da mu, ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe Maigatari ba sai Disamban 2020. Dillalin da ke kora shanu daga Dungas ranar Alhamis, da mai ɗora buhunan wake a mota daga Magarya, su suka biya kuɗin wannan mataki, suna bin ɓarauniyar hanya cikin dare suna sallamar duk shingen da suka tarar. A lokacin, yarjejeniyar CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) ta 1979 kan zirga-zirgar jama'a tana nan a rubuce, hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971 tana nan a Yamai, amma babu wadda ta iya ɗage ko da igiyar shinge guda.

Ban ce ba a yi abin kirki ba. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi ta yi aiki a kan Boko Haram, an fara aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, kuma mun daɗe muna samun wutar lantarki daga Najeriya. Sai dai wutar nan ma an katse ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba tare da an tuntuɓi asibiti ko mai injin niƙa ba.

A wannan watan ne kuma tsarin Najeriya ya nuna wani amfani da ya kamata mu lura da shi. Kundinsu na 1999 ya hana shugaba tura sojoji yaƙi a wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa, kuma da maganar amfani da ƙarfi a kan Nijar ta zo gabansu, sanatoci, musamman na Arewa da mazaɓunsu ke jingine da iyakarmu, sun ƙi goyon baya suka ce a bi hanyar sulhu. Sun yi haka ne saboda masu zaɓensu suna da surukai da abokan ciniki a wannan ɓangaren. Abin da nake so a duk kundin da Nijar za ta rubuta nan gaba, da kuma duk yarjejeniyar da za a sake ƙullawa da Abuja, shi ne a shimfiɗa sharaɗin cewa rufe iyaka ko katse wuta sai ya bi ta gaban majalisun ƙasashen biyu, kuma a ba zaɓaɓɓun wakilan jihohin bakin iyaka kujera a cikin hukumar haɗin gwiwar.