Kun Sayar Mini da Madubi, Kun Ce Faifan Windows Ne

Kwana huɗu cur shagona bai ga ko sisin kwabo ba, kuma ba don babu aiki ba. Aiki yana nan jibge a kan tebur: furojet ɗin ɗalibai uku, katin gayyatar ɗaurin aure, da takardun jarrabawar wata Islamiyya da na riga na karɓi kuɗinsu na ci. Abin da ya tsayar da ni faifai ne. Faifan DVD guda ɗaya, wanda wani bawan Allah a kasuwar 'yan kwamfuta ya rubuta wa "Windows 7" da maka a baya, ya karɓi dubu biyuna, yana rantsuwa da girman Allah cewa da hannunsa ya gwada shi.

Ran Litinin abin ya faro. Ina tsakar buga aiki aka ɗauke wuta, aka kawo, aka sake ɗaukewa, duk cikin minti ɗaya. Batirin UPS ɗina, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya daɗe da mutuwa, wannan kam sakacina ne, ban ɗora wa kowa ba. Da na tayar da janareta na kunna kwamfutar, sai baƙin allo da ɗan farin rubutu a sama: "BOOTMGR is missing". Wato ɗan fayil ɗin da ke tayar da Windows ya lalace. Ba wata gagarumar cuta ba ce, in kana da faifan Windows na ƙwarai sai ka tayar da injin da shi ka gyara. Nawa faifan na ara wa wani tun bara, har yau yana kawowa.

Kada wani ya zo yana yi mini wa'azin cewa Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020. Na sani. Kwamfutata ta girke ce, HP 'yar tokumbo, Core 2 Duo, RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga 2. Windows 10 a kanta tafiyar hawainiya take yi, ita ma ɗin an daina kula da ita a Oktoban 2025, kuma fayil ɗinta na baya-bayan nan ya fi ƙarfin DVD na giga 4.7. Windows 11 kuwa ko kallon irin injina ba ta yi. Tsohuwar firintata da tsohon CorelDraw ɗina da Windows 7 suka saba, da su nake ciyar da iyali. Wanda ya ga ya kamata in canza, ga lambar asusuna a jikin ƙofar shago.

Na dawo daga kasuwa da la'asar, na saka faifai, na sake kunna inji. Shiru. Na danna F9, jerin wuraren da za a iya tayar da injin daga gare su ya fito, na zaɓi ma'ajiyar faifai. Na ji ya ɗau juyawa, fuuu, kamar abin kirki, sai ya lafa, baƙin allon nan ya dawo da rubutunsa. Na shiga BIOS, wato saitin injin da ke fara aiki kafin Windows, da F10, na ɗora faifai a sahun farko, haddis (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) a na biyu, na adana na fita. Duk kanwar ja ce. Na fito da faifan na goge shi da gefen riga, na hura ƙurar hunturun da ta taru a bakin ma'ajiyar, na mayar. Sau bakwai na yi wannan, janareta na ta shan mai a banza.

Na kira mai faifai. Ko gama bayani bai bari na yi ba.

"Alhaji, faifaina lafiyarsa ƙalau. Jiya ma mutum biyar suka saya. Injinka ne ya gaji."

Wannan magana ita ce ta fi ƙona mini rai a duk wannan lamari. Kowa a wannan harka ya haddace ta. Kayansa ba ya taɓa laifi, kullum injinka ne. Kuma da yake kai ba ka da wata kwamfutar da za ka gwada, sai ka fara zargin kanka.

Washegari na kira mai gyara, irin waɗanda ke yawo da jaka cike da sukurdireba. Ya kwance murfi, ya kara kunne a jikin inji kamar mai sauraron cikin mace, ya shiga BIOS ya yi 'yan latse-latsensa, ya miƙe ya karkaɗe hannu. Wai haddis ya mutu, a kawo kuɗin sabo, yana da wani a gida mai kyau. Na ce, "Malam, tsaya. Ko da babu haddis a cikin injin nan gaba ɗaya, ai faifai zai tashi ya kai mu har wurin da za a zaɓi inda za a zuba Windows. Me ya haɗa mutuwar haddis da ƙin tashin faifai?" Na kuma nuna masa a allo, ga haddis ɗin nan BIOS na ganin sa, har da girmansa, giga 250. Sai ya ɓata rai, ya ce, "Oga, in ka iya aikin me ya sa ka kira ni?" Ya karɓi kuɗin dubawa ya hau babur ɗinsa. Dubawar me? Ko faifan bai juya ya kalla ba.

Da na biye masa, da yanzu haddis ɗina mai ɗauke da ayyukan mutane na shekara shida yana cikin jakarsa, ni kuma ina zaune da wani tsoho da ya ciro daga injin wani, ga faifai har yanzu bai tashi ba.

Sai da yamma dabara ta zo mini, wadda ya kamata ta zo tun farko: in saka faifan a wata kwamfutar in ga abin da ke ciki. Nan ma wani aiki ne, don kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu yawancinsu ba su da wurin saka faifai. Sai da na zaga layinmu kaf kafin na samu wata tsohuwa a wurin mai kemis. Muka saka, muka buɗe. Wallahi sai da na zauna.

Fayil ɗaya ne tak a ciki. Guda ɗaya, sunansa ya ƙare da .iso, girmansa giga uku da 'yan kai.

Ga wanda bai gane ba, ISO kwafin faifai ne sukutum da aka dunƙule cikin fayil guda. Ba jan sa ake yi a jefa cikin faifai kamar waƙa ko hoto ba. Manhajar ƙona faifai ce ke warware shi, ta shimfiɗa komai a mazauninsa, har da wani ɗan sashe da ido ba ya gani, wanda shi BIOS ke nema kafin ta yarda ta tayar da inji daga faifan. Faifan Windows 7 na gaskiya in ka buɗe shi za ka ga jakunkuna irin su boot da sources, ka ga setup da bootmgr. Wannan mutumin bai yi haka ba. Ya kwafi fayil ɗin ne kawai ya manna. Kamar ka kai wa tela yadi, ranar sallah ya miƙo maka shi a ninke cikin leda yadda ka kawo, ya ce ga ɗinkinka. Abin haushin, ita kanta Windows 7 tana da wannan aikin a jikinta: ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi a ƙona shi a matsayin hoton faifai, shi ke nan. Dannawa biyu. Mutumin da sana'arsa ke nan, da ita yake ci yake sha, bai san wannan ba, ko ya sani bai damu ba. Kuma ya rantse ya gwada.

Ran Laraba na sake hawa adaidaita sahu, na sha cunkoso, na isa shagonsa. Na zaci zai ji kunya. Ina! Wai yaron shago ne ya yi kuskure. Ya zaro wani faifan daga cikin tulin da ko suna babu a jikinsu, ya ƙona a gabana da gudu na ƙarshe da injinsa ke iyawa, minti huɗu ya fito da shi da zafinsa. Na ce ya bari manhajar ta bi ta tantance abin da ta rubuta. Ya ce, "Alhaji, layi ne a bayanka, wannan ɓata lokaci ne."

A shago na saka. Alhamdu lillahi, rubutun da nake jira ya fito, wanda ke cewa a danna kowane maɓalli don a tashi daga faifai. Na danna. Na sake dannawa. Na bi kibod ɗin nan da tafin hannu kamar mai kiɗan kalangu. Ɗigo-ɗigon suka gama ƙirguwa, daƙiƙa biyar ɗin suka wuce, inji ya koma kan haddis. Ashe saitin da ke barin kibod mai USB ya yi aiki kafin Windows ta tashi a kashe yake. Sai da na aro tsohon kibod mai zagayayyen kai, wanda ake sokawa a ramin nan mai launin shuɗi-shuɗi ja-ja a bayan inji, na kashe kwamfutar na jona shi, sannan ta ji ni.

A nan na yi wautar da har yanzu nake cizon yatsa. Gyaran da na gwada daga faifan bai ci ba, ni kuma na ƙosa, sai na ce bari in yi fomatin ɓangaren C na haddis, inda Windows take, in zuba sabuwa, tunda ayyukan mutane suna ɓangaren D. Na goge. Aka fara zubawa, kashi goma, talatin, hamsin, ina ta murna har na aiki yaro ya sayo mini shayi. Yana kaiwa sittin da wani abu ya tsaya cak. Faifai na ta gurnani, ya yi gudu ya lafa, ya yi gudu ya lafa. Can sai ga saƙo da lamba 0x80070570, wai wasu fayiloli sun lalace ko babu su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: tsohuwar Windows na goge ta da hannuna, sabuwa ta ƙi shiga.

Sau uku ina maimaitawa, sau uku yana tsayawa a wuri ɗaya. Wannan ya sa na fi zaton ba RAM ba ne, don in RAM ne ke da matsala galibi ba ya zaɓar wuri, yau nan gobe can. Tsayawa a gurbi ɗaya kullum, yawanci faifai ne. Na ɗaga shi sama na duba a hasken rana, har ina hango yatsuna ta cikinsa saboda tsabar arha. Faifan banza, an ƙona shi a guje, ba a tantance ba. Me ake jira ya haifa?

Ga kuma wani abin da ya ƙara mini hawan jini. Duk lokacin da na kashe janareta don in huta da ƙonar mai, in na sake kunnawa sai in tarar duk saitin da na yi a BIOS ya goge, kwanan wata ya koma shekaru baya, agogo na nuna sha biyun dare. Batirin da ke kan babban allon inji ne ya mutu, ɗan fili mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ko wurin mai gyaran agogo za ka samu. Mai gyaran da ya ce a sayi haddis ya buɗe injin nan, batirin na kallonsa yana kallon batirin, kwanan wata na gabansa a allo ba daidai ba. Bai gani ba, don babu riba a batirin 'yan ɗaruruwa.

Daren Laraba ban yi barcin kirki ba. Mai ɗaurin aure ya kira sau huɗu, na ƙarshen ko sallama babu. Ina kwance sai na tuna: to ai fayil ɗin ISO yana nan cikin faifan farko! Da sassafe na koma wurin mai kemis, muka kwafe shi zuwa kwamfutarsa. Na sayi faifai mai suna a jiki, na sa aka ƙona a hankali, gudu 4 kacal, na kuma sa alamar a tantance bayan an gama. Duka-duka bai fi minti ashirin ba. Na canza batiri, na gyara kwanan wata, na kunna saitin kibod, na saka faifai. Ya tashi a karon farko, ya wuce sittin ɗin nan ko tari bai yi ba. Kafin azahar ina shigar da lambar lasisin da ke manne a jikin akwatin injin. Haddis ɗin da aka yi wa ta'aziyya yana aiki lafiya lau, ayyukan mutane duk suna nan. Na kuma sayi filash mai giga 8 na zuba masa Windows ɗin da manhajar Rufus, na kulle a durowa, kuma ko ɗan'uwana na jini ba zan ara wa ba.

Ku lissafa mini: kuɗin faifai, kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu, kuɗin dubawar da ba a duba komai ba, man janareta na kwana uku a wannan tsadar, ga ɗalibi ɗaya da ya kwashe aikinsa ya kai wani shago, kuma na san ba zai dawo ba. Duk saboda mutum ya ƙi ba aikinsa minti goma. Ba a ce ku zama injiniyoyi ba. Ku ajiye tsohuwar kwamfuta ɗaya a shago, duk faifan da kuka ƙona ku saka ku ga ya tashi kafin ku karɓi kuɗin mutane. In ba za ku iya ba, ku daina rantsuwa da Allah a kan abin da ba ku gwada ba.

Jiya Juma'a bayan masallaci na biya ta shagonsa da faifansa biyu, na ajiye masa a kan kanta, na ce a ba ni kuɗina. Na yi masa bayani dalla-dalla, har da yadda na ciro fayil ɗin daga na farkon na ƙona da kaina. Ya saurara har ƙarshe, sai ya washe baki.

"To ka gani, Alhaji? Ashe dai kayana ne suka yi maka aiki. Kuma ka san ƙa'ida, kaya in ya fita ba ya dawowa."

Ina tsaye a wurin wani dattijo ya zo neman Windows 7, aka zaro masa daga tulin nan dai. Na ce, "Baba, ka sa ya gwada maka kafin ka biya." Mai shago ya ce babu wuta. Dattijon ya dube ni, ya dube shi, ya ce sauri yake yi, ya biya ya tafi.

Na kwaso faifaina na dawo. Na biyun yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, yaron shagona na duba fuskarsa a ciki in zai gyara hula.