Biza Ba Diyya Ba Ce

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo, wataƙila kun taɓa cin karo da shi. Wani mutum ne sanye da kwat, ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye cikin ruwan teku har gwiwa, ga teburin jawabi a gabansa, ga tutoci a bayansa. Simon Kofe ke nan, ministan harkokin wajen Tuvalu a lokacin, wata 'yar ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, yana aika saƙo ga taron sauyin yanayi da aka yi a Glasgow a 2021. Wurin da ya tsaya, a da tudu ne. Duniya ta kalla, ta jinjina kai, ta wuce abinta.

Ni kuwa hoton nan yana damuna, don ya koya mana kallon lamarin ta inda ba nan ne gizo ke saƙa ba. Mun ɗauka wata rana za a wayi gari a ga teku ta haɗiye tsibiri baki ɗaya, sai kawunan bishiyoyin kwakwa ke leƙe. Ba haka abin yake zuwa ba. Tsibiri kan mutu tun yana sama da ruwa, kuma gishiri ne ke kashe shi.

Bari in yi bayani, domin a nan maganar take. Ƙasashe irin su Tuvalu da Kiribati da Tsibiran Marshall da Maldives yawancinsu zobban murjani ne, wato ɗan siririn yashi da tsakuwa a kan duwatsun da halittun teku suka gina. A wasu wuraren kana tsaye tsakiyar titi za ka ga ruwa ta hagu, ka ga ruwa ta dama. Ba su da kogi. Abin da suke da shi na sha shi ne ruwan sama da suke tarawa, sai kuma wani ɗan ruwan daɗi da ke kwance a ƙarƙashin yashi, yana shawagi bisa ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Idan teku ta ƙaru, sai ta turo ta ƙasa. Idan igiya ta tsallake gaɓa sau ɗaya, sai ta zubo ta sama. Rijiya ta koma zartsi. Ramukan da mutanen Tuvalu suke noman pulaka, wani nau'in gwaza da kakanninsu suka rayu a kansa, su lalace. A Funafuti, babban birnin ƙasar, idan teku ta cika maƙil a farkon shekara, ruwa yakan ɓuɓɓugo ne daga cikin ƙasa, a tsakar gidajen mutane. To wace katanga za ka gina wa ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙafarka? A 2011 fari ya sa Tuvalu ta kafa dokar ta-ɓaci, sai da aka kai mata na'urorin tace ruwa ta jirgin sama, alhali teku ta kewaye ta ta ko'ina.

Wani zai ce, wai nawa ma tekun ta ƙaru? Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Tsawon taƙi guda ke nan, ba yawa. Amma a duba saurin: tsakanin 1901 da 1971 tana ƙaruwa da milimita 1.3 a shekara, tsakanin 2006 da 2018 kuwa ta kai milimita 3.7. Dalilan biyu ne. Ruwa idan ya ɗumama yakan kumbura, teku kuwa ita ke shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na zafin da hayaƙinmu ya tare. Na biyu, ƙanƙarar da ke kan tsaunuka da Girinlan da Antatika tana narkewa tana gangarowa. Kafin 2100, in an rage hayaƙi sosai, ƙarin zai kasance tsakanin santimita 28 da 55. In aka ci gaba da gashi, zai iya kai mita guda. Ku ajiye wannan kusa da cewa wuri mafi tsayi a duk faɗin Tuvalu bai kai mita 5 ba, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Maldives bai wuce mita ɗaya sama da teku ba.

Don kada a ce na ɓoye gaskiya: akwai binciken masana na Jami'ar Auckland da ya fito a 2018, wanda ya nuna faɗin ƙasar Tuvalu ma ƙaruwa ya yi da kusan kashi 3 cikin ɗari tsakanin 1971 da 2014, saboda igiya na tara yashi da ɓaraguzan murjani a gaɓa. Masu musun ɗumamar yanayi sun yi ta rawa da wannan. Sai dai tulin tsakuwa da guguwa ta watso ba gona ba ce, ba kuma a haƙa rijiya a ciki. Yashi na iya gusawa daga wannan gefe zuwa wancan, amma asibiti da makaranta da maƙabarta ba sa gusawa da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A Nuwamban 2023 Ostireliya da Tuvalu suka sa hannu kan yarjejeniyar Falepili. A ƙarƙashinta, 'yan Tuvalu 280 za su iya komawa Ostireliya kowace shekara, su zauna, su yi aiki, su yi karatu. Aka yi ta yabo, wai karon farko ke nan da wata ƙasa ta buɗe ƙofa irin wannan saboda sauyin yanayi. Gaskiya ne. Kuma da aka buɗe rajistar ƙuri'ar neman bizar a 2025, cikin 'yan kwanaki sunayen fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar suka shiga. Wallahi ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Uwar da ke kallon ruwa na shigo mata ɗaki, ba ni da bakin ce mata ta zauna don kishin ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma mu yi lissafi. Mutanen Tuvalu wajen 11,000 ne. A raba da 280, shekara arba'in ma ba ta cika ba. Kuma su wa ke fara tafiya? Malamar asibiti, malamin makaranta, mai gyaran injin jirgin ruwa, matasa masu jini a jika. Waɗanda za su riƙe ƙasar ke nan. Sai a bar tsofaffi da gishiri. Ƙasa tana iya zama kufai tun teku ba ta gama aikinta ba.

Sannan a dubi mai bayar da kyautar. Ostireliya na sahun gaba a duniya wajen fitar da kwal da iskar gas, kuma ba ta daina amincewa da faɗaɗa ma'adinan ba. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa Tuvalu sai ta daidaita da Ostireliya kafin ta ƙulla wata hulɗar tsaro da kowace ƙasa, kowa kuwa ya san China ake hange. Tsohon firaministan Tuvalu, Enele Sopoaga, ya soki wannan sharaɗi da kakkausar murya. Ni abin da na gani shi ne mutum ya kunna wa gidanka wuta, ya ba ka ɗaki a gidansa, ya karɓi makullin ƙofarka, sannan a taru a tafa masa. Duka ƙananan ƙasashen tsibirai, in aka haɗa hayaƙinsu, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ɗauka mutanen nan zaune suke suna jiran tsammani. Tun 1987 shugaban Maldives na lokacin, Maumoon Abdul Gayoom, ya kai kukan gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1991 Vanuatu ta kawo shawarar a kafa asusun biyan asarar da hauhawar teku za ta jawo. Kun san yaushe aka amince da asusu irin wannan? A 2022, a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh da ke Masar, bayan shekara 31. Da aka zo Dubai a 2023, alƙawuran farko da aka tara wajen dala miliyan 700 ne, wai na duk ƙasashe masu tasowa. A 2009 Mohamed Nasheed, shugaban Maldives na lokacin, ya tattara ministocinsa suka yi zaman majalisa a ƙarƙashin ruwa da kayan nutso. Adadin nan na digiri 1.5, wato iyakar ɗumamar da ake son kada duniya ta wuce, da ya shiga yarjejeniyar yanayi ta Paris a 2015, naci da taurin kan mutanen tsibirai ne ya shigar da shi, irin su marigayi Tony deBrum, ministan harkokin wajen Tsibiran Marshall a lokacin. Shi kuwa deBrum yana yaro ya ga hasken bam ɗin da Amurka ta gwada a tsibiran Bikini, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nukiliya 67 da ta yi a ƙasarsu tsakanin 1946 da 1958. Dattin wasu daga cikin gwaje-gwajen yana nan binne ƙarƙashin wata ƙubbar kankare a tsibirin Runit, dab da bakin teku, tekun da ke tasowa. Mutanen Bikini an kwashe su da sunan na ɗan lokaci ne, har yau jikokinsu na warwatse. Saboda haka idan ɗan Marshall ya ji an ce "za mu sake muku matsuguni", ya san ɗanɗanon maganar.

Har a tsakaninsu ma ra'ayi ya rabu, kuma ina ganin mutuncin kowane ɓangare. Anote Tong, da yake shugaban Kiribati, ya sayi fili a tsibirin Vanua Levu na Fiji a 2014, yana kira da a yi ƙaura cikin mutunci tun da sauran lokaci, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya gaje shi, Taneti Maamau, ya ce a'a, zama daram, a ɗaga ƙasar sama. Maldives ta nuna hakan mai yiwuwa ne: tun 1997 take zuƙo yashi daga teku tana gina Hulhumalé, tsibirin da ya kai kusan mita 2 sama da ruwa, yau dubban mutane ke zaune a kai. Yana da illarsa, yashin da ake zuƙowa na kashe murjani, kuma yana cin kuɗi kamar me. Maldives na da masu yawon buɗe ido da ke kawo mata kuɗi. Tuvalu fa? Kuɗinta daga lasisin kamun kifi ne, da hayar haruffan nan biyu, .tv, wato alamar ƙasarta a ƙarshen adireshin intanet. Da tallafi daga waje ta samu ta cike ɗan fili na wajen hekta 7 a gaɓar Funafuti. Ɗan ƙarami ne, amma ya nuna cewa abin da ya hana zama yiwuwa ba ilimi ba ne, kuɗi ne, kuɗin kuma an san aljihun da ya kamata su fito.

Akwai kuma tambayar da lauyoyi ke ta kai-kawo a kanta: ƙasar da ba ta da ƙasa, ƙasa ce? Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta lissafa yanki cikin sharuɗɗan zama ƙasa. Dokar teku ta 1982 kuma daga gaɓa take auna mil 200 na ruwan da ƙasa ke cin arzikinsa. Idan gaɓar ta ɓace fa? Kiribati ƙasarta ba ta taka kara ta karya ba, amma ruwanta ya haura murabba'in kilomita miliyan 3, cike da kifin tuna, ga manyan jirage na zagaye suna haɗiyar yawu. Shi ya sa ƙasashen Pasifik suka ayyana a 2021 cewa iyakokin ruwansu ba za su motsa ba ko gaɓa ta motsa, Tuvalu kuma ta rubuta cikin kundin tsarin mulkinta a 2023 cewa ita ƙasa ce har abada. A Yulin 2025 Kotun Duniya, a shari'ar da ɗaliban shari'a na Jami'ar Kudancin Pasifik suka faro kuma Vanuatu ta ɗauka, ta ce ɓacewar yanki ba lallai ya kawo ƙarshen ƙasa ba, kuma ƙasar da ta saɓa wa haƙƙin kare yanayi ana iya neman diyya a wurinta. Ra'ayin shawara ne, ba ya tilasta kowa. Amma dai kalmar diyya ta fito daga bakin alƙalai.

Kalmar nan nake so mu riƙe. Sadaka mai bayarwa ke yanke yawanta, ya zaɓi lokacinta, ya kuma jira godiya. Diyya kuwa wanda aka cuta ke da bakin magana. In da a matsayin bashi ake kallon lamarin, da za a ajiye wa ɗan Tuvalu hanyoyi biyu a gabansa, kowace da kuɗinta: ga biza in kana son tafiya, ga tudu mai ruwan sha da asibiti in kana son zama. Yanzu hanya ɗaya aka share, ɗayar an bar ta da alƙawura, sannan ana cewa ai su suka zaɓa.

Su kuma masu murna da shirin kwafe Tuvalu cikin kwamfuta, wanda Kofe ya sanar a 2022, ni ban ji shi a matsayin albishir ba. Kukan kurciya ne. A adana waƙoƙi da taswira da sunayen zuriya, ya yi kyau. Amma harshen Tuvalu mutum dubu goma sha wani abu ke magana da shi, kuma harshe irin wannan yana rayuwa ne inda kaka da jika ke kwana a unguwa ɗaya. In aka watsa su a garuruwan Ostireliya, ɗari biyu da tamanin bana, ɗari biyu da tamanin baɗi, ban san da wane harshe jikokinsu za su yi mafarki ba.

A 2025, shiga ƙuri'ar bizar dala 25 ne na kuɗin Ostireliya. Kwamfuta ce ke zaɓo sunayen. Wanda bai fito ba, sai ya koma ya duba tankin ruwan samansa, ya jira shekara mai zuwa.