"To" ɗin wanda ake tuhuma ba amsa laifi ba ce

Kwanakin baya na raka wata dattijuwa maƙwabciyarmu wani ofishin ƴan sanda a nan Maradi. An kira ta ne kan wani babur da ake zargin na sata ne, wanda aka samu a zaurensu. Jami'in ya tambaye ta wa ya shigo da shi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron nan ne, ranka ya daɗe." Ya ce wane yaro? Ta ce, "Babban." Sau uku yana neman suna tana kewayawa, har ransa ya ɓaci ya ce tana ɓoye ɓarawo. Ɗanta na fari take nufi, wanda tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. A wurinta ta gama faɗin gaskiya, gaskiya mai ɗaci ma, tunda ɗan cikinta ta nuna.

Masana harshe sun daɗe da wannan batu. A 1975 wani masanin falsafa ɗan Ingila, Paul Grice, ya bayyana cewa masu zance suna dogara ne da wata yarjejeniya da ba a furtawa: ka faɗi gaskiya, ka faɗi daidai gwargwado, kada ka kauce wa batu, kada ka yi dungu. Mai bincike da wannan ma'aunin yake saurare, ko bai taɓa jin sunan Grice ba. Da ya ji an kauce, sai ya ce akwai lauje cikin naɗi.

Matsalar ita ce Bahaushe yana shiga ofis da wasu ƙa'idojin da suka girmi waɗannan a zuciyarsa: kunya, kawaici, girmama na gaba. Manomin da aka kawo daga Madarunfa ko Tibiri ba zai kalli mai kaki ido cikin ido ba, don a gidansu wannan rashin tarbiyya ne. In an ce ƙarfe nawa ka fita, zai ce bayan la'asar, ko da almuru, don da salla yake auna wuninsa. Matar aure za ta ce "maigidan" ko "shi". Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne "to". A bakinmu "to" tana nufin na ji, ko ci gaba, ko ba zan yi musu da babba ba. Jami'i ya ce, "Kai ka karɓi kayan a kasuwa ranar Litinin," mutum ya ce "to" don ladabi, alhali zuciyarsa na cewa a'a.

Daga nan maganar take shiga takarda. Tambayar da Hausa aka yi ta, amsar ma da Hausa, amma rahoton binciken da Faransanci ake rubuta shi, kuma jami'in da ya yi tambayar shi ne tafinta, shi ne marubuci. Jinkirin, sunkuyar da kan, "to" ɗin da aka ja a hankali, duk sun ɓace; abin da ya rage layi guda ne mai cewa ya amince. Mutumin da bai yi lakkwal ba ya dangwala yatsa, takardar ta wuce gaban alƙali mai shigar da ƙara. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

Ban ce kowa mai gaskiya ba ne. Akwai masu karya ƙa'idar zance da gangan: a tambaye shi ina ya kwana, ya ɗauko tarihin kakansa, ko ya cika ɗakin da rantsuwa, Allah ne shaidata, ba tare da ya amsa ko kalma ɗaya ba. Amma gogaggen ɓarawo sau da yawa shi ya fi kowa iya bakinsa. Ya san ofis, ya tsara labarinsa tun a hanya, yana ba da lokaci da suna tiryan-tiryan. Wanda ke in'ina yakan zama wanda bai taɓa taka wurin ba. In da iya magana za a auna gaskiya, talaka mai kunya ne zai riƙa kwana a gidan kaso.

Doka ta ba da kariya, aiki da ita ne ya rage. Tsarewar bincike a Nijar awa 48 ce kafin a nemi ƙari. Dokar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da Nijar ke ciki, ta ba lauya damar tsayawa da mutum tun daga lokacin da aka kama shi, sai dai lauyoyi galibinsu suna Yamai, kuma mai tura baro ba shi da kuɗinsu. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, a fara daga nan: duk amsar da za ta iya ɗaure mutum a rubuta ta da Hausar da ya furta, a karanta masa, a tambaye shi ko haka yake nufi. Jami'i ya daina jera zance yana jiran "to". Ya ce, "Faɗa mini yadda aka yi," ya yi haƙuri ya saurara.

Ran nan wani tsohon ɗan sanda da ke zaune a gefe ne ya warware mana. Ya matso ya ce, "Inna, na farin kike nufi?" Ta ɗaga kai ta ce, "Shi."