Scott Boras: dillalin da gwiwa ta kora daga fili, ya dawo da kundin doka

A tsakiyar 2022 ƙungiyar ƙwallon besbol ta Washington Nationals ta taya ɗan wasanta Juan Soto dala miliyan 440 na shekara 15, ya ce albarka. Mutane da dama sun ce yaron nan ya yi wa arziki kulle. Da Disambar 2024 ta zo, New York Mets ta ba shi dala miliyan 765 na shekara 15 ɗin nan dai. Wanda ya tsaya masa a cinikin shi ne Scott Boras, eja (wato dillalin 'yan wasa) da masu ƙungiyoyin ƙwallon besbol na Amurka suka fi jin haushi. Idan aka yi lissafi da kashi 5 cikin 100 da aka saba ba manyan ejoji, la'adarsa a wannan ciniki kaɗai ta haura dala miliyan 38.

Shi kansa Boras bai taɓa buga ko wasa ɗaya a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba. Ɗan makiyayin shanun madara ne daga Elk Grove a jihar Kalifoniya, an haife shi a 1952. Ya yi kaka huɗu a ƙananan rukunai ƙarƙashin St. Louis Cardinals da Chicago Cubs, ciwon gwiwa ya sallame shi. Ya riga ya karanta harhaɗa magunguna a Jami'ar Pacific, ya ƙara da digirin lauya a 1982, ya ɗan yi aiki yana kare kamfanonin magani a kotu, sannan ya koma wa tsofaffin abokan wasansa a matsayin wakili.

Ana yawan cewa tsohon ɗan wasa ya fi dacewa da wannan sana'a saboda ya san fili. A ganina wannan rabin zance ne. Dave Stewart gwarzon wasannin ƙarshe na 1989 ne, ya zama eja, har ya samo wa Matt Kemp dala miliyan 160 a 2011, amma a 2014 ya bar aikin ya koma babban manajan gudanarwa na ƙungiyar Arizona. Waɗanda suka daɗe a kasuwar, irin Boras da Casey Close, ejan Derek Jeter, a ƙananan rukunai wasansu ya ƙare. Abin da suka taho da shi daga can shi ne sanin cewa jiki kan gaza ba sallama, kuma ranar da ya gaza ƙungiya ba ta waiwayen kowa.

Sai an fahimci tsarin kafin a gane dabarar. A besbol ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga hannun wata ƙungiya yadda Turai ke yi a tamaula. Matashi daga Amurka ko Kanada yana shiga ne ta zaɓen sabbin 'yan wasa na shekara-shekara, kuma ƙungiyar da ta zaɓe shi ita kaɗai ke da ikon magana da shi. In ya hau babbar gasa, kusan kaka uku na farko ƙungiya ce ke yanka masa albashi, yawanci dab da mafi ƙanƙanta, wanda ya kai dala 740,000 a 2024. Daga kaka uku zuwa shida yana iya kai ƙara gaban masu sasanci uku: shi ya rubuta adadinsa, ƙungiya ta rubuta nata, su zaɓi ɗaya, ba raba tsakiya. Sai ya cika kaka shida yake zama mai 'yancin kansa, ƙungiyoyi 30 su yi rububinsa. Babu rufin albashi, haraji kawai ake ɗora wa masu kashe kuɗi da yawa, kuma abin da aka sa wa hannu sai an biya ko da ɗan wasan ya nakasa. Saboda haka duk wasan yana kan abu ɗaya: kai mutum ƙofar kaka ta bakwai da lafiyarsa, ba tare da ya sayar da kansa da araha a hanya ba.

Ita ma "kaka" ɗin ƙidayar kwanaki ce, kwana 172 a jerin babbar ƙungiya. A 2015 Cubs ta ajiye Kris Bryant a ƙaramin rukuni har zuwa 17 ga Afrilu, ya gama shekarar da kwana 171. Kwana ɗaya ya jinkirta masa 'yanci da shekara guda cur. An kai ƙara, aka yanke a 2020, ƙungiya ta yi nasara. Wanda bai iya karatun irin wannan ƙaramin rubutu ba, ko da tauraro ne a da, ba shi da abin da zai tsinana wa yaron da ya ba shi amana.

Boras kuwa a nan ya yi suna. A 1996 akwai dokar da ta ce dole ƙungiya ta miƙa wa wanda ta zaɓa tayi a rubuce cikin kwana 15. Wasu ƙungiyoyi suka yi sakaci, aka 'yanta matasa huɗu. Matt White, ɗaya daga cikin na hannun Boras, ya karɓi dala miliyan 10.2 daga Tampa Bay, alhali wanda aka zaɓa na ɗaya a shekarar, Kris Benson, miliyan 2 ya samu. Wannan tazara ta tona asirin yawan kuɗin da tsarin zaɓen ke danne wa yara. White bai taɓa jefa ƙwallo a babbar gasa ba, kafaɗa ta ci amanarsa, amma kuɗinsa na aljihu. Shekara guda bayan haka J.D. Drew, shi ma na hannun Boras, ya ƙi tayin Philadelphia, ya je ya buga wa St. Paul Saints a gasa mai zaman kanta, aka sake zaɓensa a 1998. Daga nan sai Kevin Brown, na farko da ya tsallake dala miliyan 100 a 1998, sai Alex Rodriguez da miliyan 252 a 2000. Masu ƙungiyoyi sun rama a 2012: aka ƙayyade wa kowace ƙungiya kuɗin zaɓe, wadda ta wuce da sama da kashi 5 cikin 100 ta rasa gurbinta na zagayen farko a shekara mai zuwa.

Zargin da ake masa na lalata wasa da tsada bai gamsar da ni ba. Ba wanda ya ɗora wa attajiri bindiga ya ce sai ya biya, kuma duk dalar da ba ta shiga hannun ɗan wasa ba, asusun mai ƙungiya take komawa. A duba Ozzie Albies na Atlanta, wanda ba na Boras ba ne: a 2019 ya sa hannu kan dala miliyan 35 na shekara bakwai, cinikin da kusan kowa a harkar ya ce an yi masa wayo.

Inda nake da ja da shi daban ne. Dabarar jira har ƙungiyoyi su matsu tana biya idan aka tara cinikai masu yawa aka yi jimla, kuma Boras jimla yake ci. Ɗan wasa kuwa rayuwar wasa ɗaya gare shi, gwiwar hannu ɗaya yake jifa da ita. Stephen Drew, na hannun Boras, ya ƙi dala miliyan 14.1 na shekara ɗaya daga Boston a ƙarshen 2013, ya zauna har watan Mayu, ya koma wa Boston ɗin kan kusan miliyan 10, ya kuma yi kaka mafi muni a rayuwarsa. Dalilin a bayyane yake: atisayen share fage yana farawa ne a tsakiyar Fabrairu, mako shida ake yi, mai jifa yana ƙara yawan jifansa kaɗan-kaɗan, mai duka yana saba wa idonsa da gudun ƙwallo. Wanda ya tsallake wannan yana shiga gasa da ɗanyen jiki.

Haka aka maimaita a 2024. Blake Snell da Jordan Montgomery, masu jifa biyu na hannun Boras, duka sun jira har Maris, duka sun ƙare da gajeren kwantiragi: Snell miliyan 62 na shekara biyu a San Francisco, Montgomery miliyan 25 na shekara ɗaya a Arizona. Snell ya fara da tangal-tangal, ya farfaɗo a rabin kaka na biyu, ya yi amfani da sharaɗin ficewa da aka saka masa, Dodgers ta ba shi miliyan 182. Montgomery, wanda ya ɗauki kofi da Texas 'yan watanni kafin nan, ya sallami Boras a Afrilu, ya sha kashi duk kakar, ya fito fili ya ce an ɓata masa ciniki, a farkon 2025 kuma aka ce sai an yi masa tiyata a gwiwar hannu. Shawara iri ɗaya aka ba su biyun.

Shi ya sa nake ganin matashin da zai ɗauki eja irin wannan ya kamata ya gindaya abu biyu tun kafin kasuwa ta buɗe: ranar da za a daina jira, wadda bai kamata ta wuce buɗe atisaye ba, da mafi ƙarancin adadin da in an kai shi za a ce an sallama. Sannan a tuna ciniki bai faɗa ba sai likita ya duba. Carlos Correa ya daidaita da San Francisco kan miliyan 350 a Disambar 2022, gwajin lafiya ya tono tsohuwar karaya a ƙafarsa ta dama tun 2014, aka fasa. Mets ta zo da miliyan 315, ita ma likitocinta suka ga abin da waɗancan suka gani. A Janairu ya koma Minnesota kan miliyan 200 na shekara shida.