Garin da mutum zai so ya tsufa a cikinsa

Jiya da daddare gardama ta kaure a majalisarmu kan garin da ya fi kyau a Arewa. Wani ya ce Kaduna saboda sababbin tituna, wani ya ce Kano saboda gadojin Ƙofar Nassarawa da Ɗangi, wani kuma ya kafe a kan Maiduguri. Ni dai ban tofa ba, domin hankalina yana kan kawuna. Da na koma gida barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Yana da tsawo, a yi haƙuri da ni.

Kawuna ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare. Ba zan faɗi jihar ba, ba zan faɗi ofishin ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Da ya yi ritaya sai da ya shekara huɗu yana jiran garatuti. Fanshon wata kuwa, wani watan ya zo cikakke, wani watan ya zo da giɓi, babu mai yi masa bayani. Sau uku ina raka shi tantancewa. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane ba: tsofaffi a layi tun bayan asuba, kowa da fayil a cikin leda, wani ya dogara sanda, wata ta zo da takardar shaidar rasuwar mijinta da goyo a baya. Rana ta take, a leƙo ta taga a ce, "Baba, a dawo wani satin." A hanyarmu ta komawa a adaidaita sahu, muna wucewa ta ƙarƙashin wata sabuwar gada, sai ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, kowane wata ina ganin an cire, a rubuce yake a takardar albashi. To ina suka kai?"

Har yau wannan tambayar ba ta bar ni ba. Kuɗin fansho ba kyautar gwamna ba ne, albashin mutum ne da aka ce ya dakata da karɓa sai ƙarfinsa ya ƙare. Ajiya ce. Ita kuwa ajiya, komai kyan dokar da aka rubuta a kanta, tana hannun wasu mutane ƙalilan da ke zama a kan teburi ɗaya su yanke inda za a sa ta. Waɗannan su ne kwamitin amintattu na asusun fansho. Mu da muke gardamar gadoji, mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin sunan ko mutum biyu daga cikin amintattun asusun jiharsa?

A matakin tarayya an ɗan gane bakin zaren. Dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Obasanjo, ta kawo tsarin da ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki kowa ke zuba nasa, kowane ma'aikaci da asusunsa da sunansa. Gyaran 2014 ya mai da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne rabon hannu: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke ajiye su daban, hukumar PenCom kuma tana sa ido a kan duka biyun. Yau abin da aka tara ya haura naira tiriliyan 20. Tsarin yana da nasa ciwon, musamman yadda tsadar rayuwa ke cinye darajar abin da mutum ya tara, kuma masu ritaya da yawa na kukan abin da ake ba su a wata bai kai ya kawo ba. Amma a tuna abin da ya faru inda babu wannan rabon hannu. A 2013 kotu ta sami John Yakubu Yusuf da laifi a badaƙalar fanshon 'yan sanda ta biliyoyin naira, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9. Abdulrasheed Maina kuwa, wanda aka ɗauko musamman don ya gyara harkar, a Nuwamban 2021 aka yanke masa shekara takwas kan sama da naira biliyan 2. An ba kura ajiyar nama, aka tafi aka bar ta ba mai leƙowa.

Jihohi kowa da tasa dokar, kuma a nan ne maganar ta haɗu da maganar birni.

Mu ɗauki Kano. Dokar 2006 ta kafa asusun fansho mai amintattu, ta tanadi kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 17 daga gwamnati. Kuɗi suka taru. Daga baya aka sa wani ɓangare a aikin rukunonin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Duk wanda ya shiga waɗannan unguwanni ya san an zana su da tsari, tituna a miƙe, fili wadatacce. Amma 'yan fansho sun kai ƙorafi, magana ta je kotu, sai a Maris na 2024 hukumar EFCC ta miƙa musu gidaje 324 a madadin kimanin naira biliyan 4.1 na kuɗinsu, tana cewa lamarin ya ratsa gwamnatoci biyu. A gefe guda, gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na sama da naira biliyan 48, ta kuma shiga biya kashi-kashi. Don Allah kada wani ya shigo mini da maganar launin hula a nan. Tsohon da ya rasu yana jiran haƙƙinsa bai san jam'iyya ba, marayun da ya bari ma haka.

Ni ban ga laifi ba a sa kuɗin fansho a gina gari. Kuɗi ne masu dogon numfashi: wanda ya fara aiki yau ba zai buƙaci nasa ba sai bayan shekara talatin da wani abu, irin kuɗin da ya dace da gidaje da kasuwa da ruwan famfo ke nan. Ko titunan da muke gani da allon Sukuk a gefensu, wato takardun zuba jari marasa ruwa da gwamnatin tarayya ke sayarwa don yin tituna, waɗanda aka fara da naira biliyan 100 a 2017, akwai kuɗin 'yan fansho a ciki, kuma ana biyan ribarsu a kan lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne idan mai neman kuɗin shi ne ya naɗa masu riƙe da kuɗin, shi ne kuma zai iya sallamarsu gobe da safe. A irin wannan zama wa zai ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin yana da kyau, amma ba zai dawo da kuɗin malamai a kan lokaci ba"? Gida dukiya ce, amma ba a biyan garatuti da bulo. Ranar da mutum dubu suka yi ritaya, tsabar kuɗi suke buƙata, kuma aikin amintattu ne su lissafa wannan tun kafin a haƙa harsashi.

Akwai wani birni a Amurka da labarinsa ke tsorata ni, Detroit, mahaifar masana'antar motoci. A 1950 mutanensa sun haura miliyan 1.8. A ƙidayar 2010 sun dawo kimanin 714,000. A Yulin 2013 birnin ya je kotu ya ce ya karye, da bashin kusan dala biliyan 18. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa: masana'antu sun tashi, masu hali sun koma bayan gari, haraji ya ragu. Amma kwamitocin fanshonsa guda biyu sun ƙara wa miki gishiri. Shekarar da aka ci riba, maimakon a ajiye don shekarar fari, sai a raba ƙarin da suke kira albashin wata na 13. Wasu masu faɗa a ji sun karɓi na goro don a zuba kuɗin a harkokin da suka nutse, har tsohon ma'ajin birnin, Jeffrey Beasley, ya sami ɗaurin shekara 11. Lokacin da aka je kotu, kusan kashi 40 cikin ɗari na fitilun titi ba sa kamawa. A ƙarshe an zaftare kashi 4.5 daga fanshon ma'aikatan birnin da ba 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ba, aka soke musu ƙarin tsadar rayuwa, sannan aka kafa kwamitocin zuba jari masu ƙwararru daga waje. Da an yi wannan gyaran shekara ashirin kafin nan, da tsofaffi da yawa ba su kwana da yunwa ba. Ramin da ke asusun fansho ba ya tsayawa a asusun, kasafin gari yake bi ya cinye, kuɗin fitila da na kwasar shara da na motar asibiti.

Can arewa da su kaɗan, a lardin Ontario na Kanada, malaman makaranta sun bi wata hanyar. Kafin 1990 kuɗin fanshonsu gwamnatin lardin kaɗai ake ranta wa. A shekarar aka mai da asusun mai cin gashin kansa: gwamnati ta zaɓi rabin amintattu, ƙungiyar malamai ta zaɓi rabi, su haɗu su amince da shugaba, kuma ana neman waɗanda suka san harkar kuɗi, ba waɗanda ake son a saka wa ba. A 2000 suka sayi kamfanin Cadillac Fairview, mai babbar kasuwar Eaton Centre da ke tsakiyar Toronto. Yau dukiyarsu ta haura dalar Kanada biliyan 240. Malamin firamare irin kawuna yana da rabo a hayar manyan shagunan da ke tsakiyar Toronto. Ba sai mun je Kanada ba ma: Jigawa, maƙwabciyarmu, ta daɗe ana yabon asusunta, jihohi na tura wakilai Dutse su ga yadda ake yi.

To me ke sa gari ya shiga ran mutum? Baƙon kwana biyu gada yake gani da fitilun shataletale. Wanda zai zauna kuwa tambayoyinsa daban ne. Famfo na kawo ruwa, ko kullum sai an jira 'yan garuwa? Idan aka yi ruwan Agusta, kwata na ɗauka ko cikin ɗaki take juyowa? Akwai inuwar da mai tafiya a ƙasa zai raɓa? Makarantar unguwa tana da malamin lissafi? Idan mata ta fara naƙuda ƙarfe biyun dare, akwai ungozoma a asibitin sha-ka-tafi? Ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshen kowanne za ka tarar da ma'aikaci. Shi kuma ma'aikacin yana da ido. Yana ganin yadda aka yi da wanda ya gada. Injiniyan ruwa da ya ga tsohon ubangidansa a layin tantancewa yana share gumi da hula, abu biyu ne ke zuwa masa: ko ya nemi hanyar barin garin, ko ya fara tara nasa garatutin tun yanzu daga aljihun jama'a. Duka biyun garin ne ke asara. Cin hancin da muke kuka da shi a ofisoshi, ina da yaƙinin wani kaso nasa tsoron tsufa ne ya haife shi, ko da yake wannan ba uzuri ba ne a wurin Allah.

Akwai kuma abin da ba a lissafawa. Ɗan fanshon da ake biya a kan lokaci dattijon unguwa ne. Shi ke zama a ƙofar gida ya san yaron da ya daina zuwa makaranta, shi ake kira sulhun ma'aurata, shi ke riƙe littafin kuɗin gyaran taransfoma. Fanshonsa a unguwar yake ƙarewa, wurin mai shago da mai nama da mai kemis. Idan aka hana shi haƙƙinsa, sai ya sayar da gidan ya koma ƙauye, ko ya shige ɗaki saboda kunyar masu binsa bashi, unguwa ta rasa babba.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan fansho su matsa a kan yadda ake naɗa amintattu kamar yadda suke matsawa a kan ƙarin albashi. 'Yan fansho su zaɓi wakilansu da kansu, kuma a horar da wakilan, domin kujera ba ta da amfani ga wanda ba zai iya karanta rahoton kuɗi ba. Wa'adin amintattu kada ya ƙare rana ɗaya da na gwamna. Duk wanda ke da ɗan kwangila a gidansa ya faɗa, ya fita daga ɗakin ranar da za a yi maganar. Abin da na fi damuwa da shi kuwa shi ne bayani: kowace shekara, bayan masu binciken kuɗi na waje sun gama, shugaban asusun ya zauna a rediyo da Hausa ya faɗi nawa aka cire, nawa gwamnati da ƙananan hukumomi suka zuba, nawa suka riƙe, ina aka sa sauran, a buɗe waya tsofaffi su yi tambaya. Kuɗin da aka cire daga albashi ba a kai asusu ba, wannan bai kamata a kira shi jinkiri ba. Kawuna bai taɓa neman a tausaya masa ba, amsar tambayarsa yake nema.

An biya shi garatutinsa daga baya, alhamdu lillahi, amma lokacin kuɗin ba sa iya sayen rabin abin da za su saya ranar da ya ajiye alli. Babban ɗansa ya karanta kimiyyar sinadarai, ya fita da sakamako mai kyau, har an ba shi takardar ɗaukar aikin koyarwa a sakandaren da ke bayan gidansu. Kawu ya yi ta lallashinsa ya karɓa. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini, ni na raka ka layin nan." Yanzu yana Legas yana sayar da kayan waya, ya yi aure can, 'ya'yansa biyu can aka haife su. Makarantar kuwa, da na tambaya a sallar da ta wuce, har yanzu malamin ilimin halittu ne ke haɗawa da darasin sinadarai.