Pink Floyd a Pompeii: a wanke ƙurar fim, a bar gumin makaɗa

A watan Afrilun 2025 gidajen silima a ƙasashe da dama suka sake haska wani fim da aka ɗauka tun 1971. Fim ne na ƙungiyar mawaƙan Ingila da ake kira Pink Floyd, mutum huɗu suna kiɗa a tsakiyar wani tsohon dandalin Rumawa da ke Pompeii, kusa da Napoli a Italiya. An wanke hoton tas, an sake haɗa sautin, aka sa masa suna Pink Floyd at Pompeii – MCMLXXII, wato 1972 a lambobin Rumawa, shekarar da ya fara fita. Faifan sautin da ya biyo baya a farkon Mayu ya hau matsayi na ɗaya a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya, shekara hamsin da ɗoriya bayan an kaɗa shi. Duk da wannan karɓuwa, bakin masoya bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce sai yanzu suka ga fim ɗin da idonsu. Wasu sun ce an raba shi da ƙamshinsa na da. Akwai kuma masu cewa kasuwa ce kawai, ana sake sayar musu da abin da suka riga suka saya a kaset, suka saya a DVD.

Ina tare da masu yabo a kan wannan aikin, amma ba don dalilin da yawancinsu ke kawowa ba, wato hoto ya yi garau. Hoto na iya yin garau ya kuma zama ƙarya. Abin da nake dubawa shi ne, me mai gyaran ya cire? In abin da shekaru suka ɗora wa fim ne, irin ƙura da zagi-zagi da kodewar launi, ya yi aikinsa. In kuwa abin da mutanen suka yi da hannunsu ne ya taɓa, ya ci amana, komai kyan sakamakon.

Sai mutum ya san yadda aka yi fim ɗin kafin ya gane abin da ake jayayya a kai. Darakta Adrian Maben ne ya kawo shawarar a ɗauki ƙungiyar tana kiɗa ba tare da 'yan kallo ba, a lokacin da finafinan kiɗa suka fi damuwa da nuna cincirindon jama'a. Ya zaɓi dandalin da aka gina wajen shekara 70 kafin miladiyya, wanda tokar dutsen Vesuvius mai aman wuta ta binne tare da garin a shekara ta 79. Wuri ne da ke ɗaukar mutum kusan 20,000, amma a farkon Oktoban 1971 ba kowa a ciki sai makaɗan, da ma'aikatan ɗaukar hoto, da 'yan yaran gari kaɗan da aka bari su leƙa. Wutar lantarkin wurin ta kasa ɗaukar kayan kiɗan, har sai da aka ja doguwar waya daga cikin gari, kwanakin aiki suka ragu zuwa huɗu. Abin da kyamara ta kama ke nan: David Gilmour ba riga, yana zaune a ƙasa da jita a cinya, Roger Waters yana dukan wani ƙaton faranti na tagulla rana na bayansa, lasifikoki jere kamar katanga, wayoyi a warwatse cikin ƙura.

Akwai wurin da ya fi kowane nuna abin da nake nufi. A waƙar One of These Days kyamara ta tsaya kusan gaba ɗaya a kan mai ganguna, Nick Mason, saboda sauran faifan da aka ɗauki abokan nasa sun ɓata. Yana cikin duka, sanda ɗaya ta suɓuce daga hannunsa ta yi sama. Bai tsaya ba, hannu ɗaya na ci gaba da kiɗa, ɗayan ya zaro wata sandar, aka zarce. Mai gyaran zamani da ke da kwamfuta a gabansa zai iya share wannan a cikin yini guda. A sabon fim ɗin sandar na nan tana tashi, har ma an fi ganin ta, an fi ganin yadda gashi ya manne masa a goshi. Wannan shi ne gyaran da nake so. Mai wanki da bugu ya mayar da tsohuwar babbar riga tana ƙyalli, amma bai isa ya warware aikin askar da ke wuyanta ya ɗinka nasa ba.

Yabon da ya dace ya tafi ga Lana Topham, wadda ke kula da adana kayan tarihin ƙungiyar. Ta shafe shekaru tana neman asalin faifan fim ɗin mai faɗin milimita 35, daga ƙarshe aka same shi a cikin wasu gwangwanaye da aka rubuta musu sunan da bai dace ba, a ma'ajiyar ƙungiyar kanta. Daga shi aka kwafo hoton zuwa ingancin 4K, wato hoton dijital mai tsananin fitowa garau. Wannan ya bambanta da ɗauko tsohon DVD a ce wa manhaja ta ƙara masa haske. Faifan asali yana riƙe da bayanin da talabijin ɗin wancan zamani ba ta iya nunawa. Saboda haka ƙwayar dutsen bango da zaren rigar da ake gani yau ba ƙirƙira ba ne, tun 1971 suna can, idonmu ne bai kai gare su ba.

Masu cewa an ɓata musu asali suna da wata matsala da ba su cika son a taɓo ba. Wane asalin? Waƙa uku kaɗai aka ɗauka a Pompeii. Sauran a wani ɗakin ɗaukar hoto a Faris aka yi su a ƙarshen wannan shekarar, har aka riƙa haska hoton Pompeii a bayan makaɗan don a ɗinke ɓarakar. Mai lura zai gane, domin Richard Wright mai fiyano yana da gemu a Italiya, a Faransa kuwa ya aske. Fim ɗin da ya fita a 1972 kimanin awa ɗaya ne. A 1974 aka ƙara masa hotunan ƙungiyar a ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da ke Landan, suna hira, suna cin abinci, Mason yana roƙon a ba shi yankin kek ɗin tuffa marar ɓawon gefe. Tun daga fari, fim ne da aka harhaɗa. Haka abin yake a wurin takwarorinsu. Fim ɗin ƙungiyar Led Zeppelin na wasan da suka yi a New York a 1973 sai da aka sake ɗaukar wasu sassansa a ɗaki a Ingila bayan shekara guda, ɗaya daga cikin makaɗansu, John Paul Jones, ya sa gashin kanti saboda ya riga ya yi aski. Sau da yawa in masoyi ya ce asali, abin da yake nufi shi ne kwafin da ya fara gani yana saurayi, da dushi-dushinsa da shuuu ɗin kaset. Wannan ƙauna ce ta gaskiya, ba na raina ta. Sai dai ƙaunar ƙuruciyarsa ce, kuma dushin kaset ba Gilmour ne ya kaɗa shi ba.

Amma tsoron nasu ba daga sama ya faɗo ba, an taɓa yi musu gyaran gangar Auzinawa a kan wannan fim ɗin. A 2003 Maben da kansa ya fitar da sabon shiri a DVD, ya datse sama da ƙasan hoton don ya cika faffaɗan talabijin, ya kuma cusa hotunan sararin samaniya da zanen kwamfuta a tsakanin kiɗan. Masoya da yawa sun ƙi shi, kuma suna da gaskiya. Kana kallon yatsun makaɗi sai a ɗauke ka a kai ka duniyar taurari, ka dawo ka tarar an wuce wurin. Kasancewar daraktan ne ya yi bai wanke laifin ba. Wanda ya yi aiki a 1971 da wanda ya waiwaye shi bayan shekara talatin ba ido ɗaya suke da shi ba. Abu guda da ya rage zafin abin shi ne, faifan na ɗauke da tsohon fim ɗin na awa ɗaya a gefe, wanda ba ya son sabon ya koma can.

Ba Pink Floyd kaɗai ba. A 2021 darakta Peter Jackson ya fitar da dogon shirinsa kan ƙungiyar The Beatles daga faifan da aka ɗauka a Janairun 1969, har da wasansu na ƙarshe a bainar jama'a a saman bene a Landan. Faifan ƙarami ne, mai milimita 16, irinsa kuwa yana da yawan ɗige-ɗige. An goge ɗigon sosai, sai wasu masu kallo suka koka cewa fuskokin sun yi sumul fiye da na mutane, kamar an shafe su da kakin zuma. Shirin ya burge ni, amma a wannan gaɓar ina tare da masu koken. Ɗigon faifai ba datti ba ne, da shi aka gina hoton. In ka kwashe shi duka, ka kwashe ramukan fata da gajiyar da ke ƙarƙashin ido, sai manhaja ta cike gurbin da abin da take zato. A 2024 kuma ƙungiyar Queen suka sake fitar da faifansu na farko na 1973 da sautin ganguna da aka sauya, wasu masoya suka ce sun ji alamar an miƙe wa mawaƙinsu Freddie Mercury murya da na'ura. Mutumin ya rasu tun 1991. Wa ya tambaye shi?

Nan ne na fi samun nauyi a zuciya game da Pompeii, wato ɓangaren sauti. Steven Wilson ne ya sake haɗa shi, mawaƙi ne da ya yi suna wajen sake haɗa tsofaffin faifai na ƙungiyoyi irin su King Crimson da Jethro Tull da Yes, kuma an san shi da taka-tsantsan. Abin da ya fito ya yi daɗi a kunne, ana jin kowane kayan kiɗa a mazauninsa, ana jin bugun ganga busasshe irin na filin da ba rufi. Sai dai haɗa sauti ba kamar wanke hoto ba ne. Babu ƙurar da za a ce an share kawai. Mai haɗawa shi ke yanke hukuncin ko jita za ta hau kan fiyano, ko murya za ta matso gaba, ko amsa-kuwwa za ta yi tsawo. Kowane maɓalli da ya murɗa ra'ayi ne. Tsarin Dolby Atmos da aka yi amfani da shi a sabon haɗin, wanda ke jefa sauti ta sama da ta bayan mai sauraro, babu shi a 1971, saboda haka ba za a ce an dawo da wani abu da ya ɓata ba, sabon abu aka yi. Wright, wanda sautin fiyanonsa ke riƙe da rabin wannan kiɗa, ya rasu a 2008. Bai ji ba, bai amince ba, bai ƙi ba. Wanda ya ce ya fi son tsohon haɗin ba ƙauyanci yake yi ba, yana kare hukuncin mutanen da suke wurin ne.

Masu kukan kuɗi su ma a saurare su. A 2024 kafafen labarai suka ruwaito cewa kamfanin Sony ya sayi haƙƙin faifan Pink Floyd a kan kusan dala miliyan 400, bayan 'yan watanni sai ga wannan fim. Wanda ya zuba irin wannan dukiya zai nemi mayar da ita, kuma tsohon kaya a sabon kwali hanya ce mai sauƙi. Ban ga aibu a neman riba ba in aikin na ƙwarai ne. Kuɗin ne ke biyan wanda zai zauna yana bin hoto ɗaya bayan ɗaya yana cire tabo, shi ne ke biyan ɗaki mai sanyi da ake ajiye faifai don kada su ruɓe. Duk wanda ya taɓa neman bidiyon Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ya san abin da rashin wannan ke jawowa, kwafin kwafi ne ke yawo a waya, fuska ta narke, kalangu da kuntigi suna fita kamar daga cikin rijiya. Rigimar masoyan Pink Floyd rigima ce ta waɗanda aka adana musu asalin.

Haɗarin da nake hange yana wajen dandalin kallo da sauraro na intanet. A zamanin faifai, in sabo ya fito tsohon na nan a kan kantarka, ba mai shigowa ɗakinka ya canza shi. Yanzu kamfani na iya sauke tsohon haɗi ya ɗora sabo cikin dare ɗaya, da suna iri ɗaya da hoton bango iri ɗaya. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai da zai fara jin wannan kiɗa a wayarsa ba zai san an taɓa shi ba, zai ɗauka haka ya fito daga Pompeii. Bayan shekara ashirin, in wani ya sake haɗawa, zai gina ne a kan abin da wannan yaron ya saba ji.

Don haka abin da ya kamata masoya su haɗa baki su nema daga Sony, da duk kamfanin da ke riƙe da irin wannan kaya, ba mai wuya ba ne. A ajiye tsohon haɗin sauti kusa da sabon, a faifai da kuma a intanet, kowanne da shekararsa a rubuce. A kuma faɗa a fili abin da aka yi: an share tabo kaɗai, ko an rage ɗigo, ko an datse hoto, ko an taɓa murya, da sunan wanda ya yi. Faifan Blu-ray guda yana da wurin da zai ɗauki layin sauti da yawa, kuma DVD na 2003, duk da aibinsa, ya riga ya nuna cewa ana iya sa tsoho da sabo a kwali ɗaya.