Masanin harshe da neman aiki: gaisuwa a taro ba ta isa ba

Yawancin sassan nazarin harshe a jami'o'i suna horar da ɗalibansu kamar dukkansu koyarwa za su yi. A koya musu tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jimla, su rubuta kundi, su kare shi a gaban manya, a sallame su. Amma farfesa ɗaya yakan yaye masu digiri na uku da dama kafin ya yi ritaya, kujerar da zai bari kuwa guda ɗaya ce tak. Sauran fa, ina suka nufa?

Shawarar da aka saba ba su ita ce su riƙa halartar taro su san mutane. Ba na raina taro. Ƙungiyar masana harshe ta Amurka tana nan tun 1924, taron duniya kan harsunan Afirka da ake kira WOCAL kuma an fara shi a 1994 a ƙasar da yanzu ake kira Eswatini. A irin waɗannan wurare ake jin ƙishin-ƙishin ɗin gurbin aiki tun kafin a tallata shi. Sai dai ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga rajista, ga biza da za a iya hana mutum ba tare da wani bayani ba. Wanda ya fi bukatar taron shi ne ya fi kasa zuwa. Ko ya je ma, minti ashirin za a ba shi ya gabatar da takarda, ya gaisa da farfesoshi a baranda, kafin wata ya zagayo an manta da fuskarsa.

A ganina, abin da ba a mantawa shi ne aikin da wani zai ɗauka ya yi amfani da shi: muryoyin da aka naɗa aka rubuce su tsaf, jerin kalmomin likitanci da aka tantance, tarin jimlolin da aka yi wa alamar nahawu. Wanda ya ajiye irin wannan inda jama'a za su same shi, da sunansa a kai, wasiƙa za ta zo masa daga wanda bai taɓa gani ba.

Dubi Masakhane. A 2019 wasu matasan Afirka suka haɗu don su gina fassarar na'ura ta harsunansu, mafi yawansu 'yan sa-kai, suna aiki ta intanet daga ƙasashe daban-daban. Ba a tambayar sabon shiga wace jami'a ya fito, ana tambayarsa wane harshe yake ji da abin da zai iya yi. Takardar da suka fitar a 2020 tana ɗauke da sunayen marubuta gommai, kuma wasu a cikinsu ta nan suka samu hanyar ƙaro karatu ko aikin bincike. Sanayyar da aka ƙulla a kan aiki tana da nauyi, domin mai ba da shaida a kanka ya ga yadda kake gyara kuskure, ya kuma ga ko kana cika alkawari.

Akwai wata zolaya da ake jingina wa Frederick Jelinek na kamfanin IBM, wai duk sanda ya sallami masanin harshe sai na'urarsa ta gane magana ta ƙara ƙwarewa. An daɗe ana tsokanar masana da ita. To amma da kamfanin Meta ya fitar da manhajar fassara mai harsuna 200 a 2022, wa zai duba ko abin da take fitarwa magana ce ko shirme? A harsunan Afirka da yawa ba a nuna karin sauti a rubutun yau da kullum, wasu ko tsawon wasali ba a nunawa. Na'urar da za ta karanta irin wannan rubutu da murya dole ta bi ta hannun wanda ya san inda ma'ana ke sauyawa. Ga kuma aikin ƙamus, da tafinta a kotu da asibiti, da adana harsunan da ke shirin ɓacewa, wanda ELDP, wani shirin ba masu bincike kuɗin irin wannan aiki, yake ba wa tallafi tun 2002.

Za a ce kamfanoni suna mayar da masana 'yan ƙwadago, a biya su a kan kowace jimla, aikin ya ƙare sunansu bai fito ko'ina ba. Gaskiya ne, yana faruwa. Nan ma wanda yake shi kaɗai ne ake cuta, don bai san nawa ake biyan takwarorinsa ba, bai san zai iya neman a sa sunansa ba, ko ya tambayi izinin da aka karɓa daga mutanen da aka naɗi muryoyinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kaso mafi tsoka na laifin yana wuyan malamai. Praat da ELAN, manhajojin nazarin sauti da rubuta maganar da aka naɗa, kyauta ake sauke su, amma ɗalibi yakan gama digiri bai taɓa buɗe ko ɗaya ba, balle ya ɗan koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Malamin da ya ɗora sunansa a gaba a takardar da ɗalibi ya wahala a kanta, ko ya yi wata uku bai rubuta masa wasiƙar shaida ba har wa'adi ya wuce, ya toshe masa hanyar da taro goma ba za su buɗe ba. Ya kamata kowane sashe ya riƙa bibiyar inda tsoffin ɗalibansa suke aiki, ya gayyato waɗanda suka bar jami'a suka shiga kamfani ko gidan jarida su zo su yi magana da 'yan ajin ƙarshe. Har yanzu a wurare da yawa kallon waɗanda suka gaza ake yi musu, alhali su ne ke da labarin inda ake ɗaukar ma'aikata.